Wane suna za mu raɗa wa game drive da Hausa?

1/
Makon jiya na dawo daga Kenya, kuma tun ina can wata kalma ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kwana uku muka yi a gandun namun daji na Masai Mara, kullum sau biyu ana ɗibar mu a mota a shiga da mu cikin dawa kallon dabbobi. Masu harkar suna kiran wannan fita game drive. Ni kuwa duk dare in na zo ba da labari a gida sai in yi ta kame-kame. Ku matso mu nemo mata suna.

2/
Daren farko kawuna na kira, wanda ya taɓa farauta da ƙuruciyarsa. Na ce, "Kawu, yau sau biyu muka zaga daji." Ya yi jim, sannan ya ce, "Subhanallahi, cikin ne ya ɓaci? Ka rage cin abincinsu." Na yi maza na gyara, na ce wajen namun daji muka je a mota. Ya ce, "To madalla, me kuka kamo?" Na ce kallo kawai muka yi, ranka ya daɗe. Ya ce, "Wato ka biya kuɗin jirgi, ka yi ido huɗu da ɓauna, ka dawo hannu rabbana."

Daga nan na san duk sunan da ke da "zagaye" a ciki ya faɗi tun kafin a fara.

3/
Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa yi ba. Kana idar da sallar asuba za ka ji motar ta iso, yawanci Land Cruiser mai rufin da ake ɗagawa sama, yadda za ka miƙe tsaye ka leƙa ba tare da ka fita ba. Sanyi ake yi na gaske, don wurin ya haura mita 1,500 daga doron teku, har bargo ake bai wa mutum. Wajen ƙarfe 6 da rabi an fita, kafin rana ta take an dawo. Bayan la'asar a sake fita, a dawo kafin duhu. Dalilin waɗannan lokuta shi ne zaki da damisa da kura da sanyin safiya da na yamma suke motsi. Da tsakar rana kowa ya nemi inuwa, sai ka yi ta ƙona mai kana kallon ciyawa.

Direba shi ne ɗan jagora. Ba a sauka daga mota sai inda aka yarda, ba a ihu, ba a jefa wa dabba abinci.

4/
Na ga wani ya fassara ta da "wasan tuƙi". Allah Ya ba shi ladan ƙoƙari, amma game ɗin nan ba ta wasa ba ce. Tsohuwar kalmar mafarauta ce, tana nufin dabbar da ake harbi don a ci ko a yi ado da fatarta. Mu ma haka muka yi: zaki yana numfashi, yana harararka, amma sunansa naman daji. Tun yana raye Bahaushe ya gama saka shi a tukunya. Da na gaya wa direbanmu haka sai ya tuntsire da dariya, ya ce su ma da Suwahili nyama ne nama, dabbobi kuma wanyama.

5/
Sai ita safari. Kalmar Suwahili ce, ma'anarta tafiya, kowace iri, ko ta ganin dangi ce a ƙauye. Daga Larabci ta samo asali, safar, Turawa kuma suka ɗauke ta a ƙarni na 19 suka keɓe ta ga tafiyar farautar manyan dabbobi. Kenya ta haramta irin wannan farauta a 1977, kyamara ta maye gurbin bindiga, sunan bai canza ba.

Muna da 'yar'uwarta a gida, safara. Matsalar ita ce labarai sun ɓata mata suna: safarar mutane, safarar makamai, safarar ƙwayoyi. Ka ce ka je Kenya safarar namun daji, ka ga ko jami'an kwastam ba za su nemi ganinka ba. Ita kanta safari, a kunnen dattawanmu riga da wando ce da ma'aikatan gwamnati ke sawa. Duk da haka ni zan bar ta yadda take, a matsayin sunan tafiyar baki ɗaya, tun daga ɗaure jaka har dawowa. Abin da babu shi ne sunan fita guda ɗaya a cikin motar.

6/
Waɗanda na gwada na ajiye. Yawon buɗe ido ya yi faɗi, wanda ya je Dubai kallon benaye ma shi ya yi. Kallon namun daji daidai ne, sai dai yaron da aka kai gidan zoo na Kano ranar sallah shi ma abin da ya yi ke nan, alhali a can dabba ce a keji, a nan kuwa kai ne a keji. Sintiri na masu tsaron gandu ne, su da ke fakon maharban sata. Rangadi na sarki ne ko gwamna, kuma ba na jin giwa za ta fito tarbar kowa.

Wata ƙanwata ta kawo "farautar ido". Ta burge ni, har na kwana da ita. Tana da daɗi a waƙa ko a kanun labari, amma ka ce da direba "ƙarfe nawa za mu fita farautar ido", sai ka ji bakinka ya yi nauyi. Ga kuma irin su Kawu, da zarar sun ji farauta za su tambayi kasonsu.

7/
Wadda na tsaya a kai ita ce kilisa. Kilisar dawa.

Duk wanda ya tashi kusa da masu dawaki ya san ta. Rana ta yi sanyi, a ɗaura sirdi, a fita bayan gari sannu a hankali, doki ya miƙe ƙafa, mai shi ya sha iska ya ba idonsa abinci, a juyo gida kafin magariba. Ba sukuwa ba ce, ba kuma tafiya ba ce mai zango. Inda ka tashi nan za ka dawo, kuma ba ka fita don ka kawo komai ba.

8/
A yammacin rana ta biyu kalmar ta faɗo mini. Mun fi awa guda muna tafiyar hawainiya a gefen kogin Talek, ban da jakunan dawa da barewa ba mu ga komai ba. Can sai rediyon motar ya ɗau surutu da Suwahili, ban tsinci komai ba sai "simba", wato zaki. Direba bai ƙara gudu ba. Ya lallaɓa ya karya kwana, ya tsaya kusa da wani ɗan kurmi, ya kashe inji, ya ɗora yatsa a leɓe.

Zakanya ce kwance, tsakaninmu bai fi taku goma ba, 'ya'yanta biyu suna kokawa da wutsiyarta. Ƙudaje sun yi mata dandazo a kunne, tana karkaɗe su. Ta ɗago kai sau ɗaya ta dube mu, irin kallon da mai shago ke yi wa wanda ya san ba zai sayi komai ba, ta yi hamma, ta mayar da kai. Wani Bature a bayana ya manta da kyamarar da ke wuyansa. Ni dai ina ta hasbunallahu a zuci, hannuna a kan marfin taga. Mun yi kusan minti ashirin babu mai tari, sannan direba ya tada mota muka kama hanyar masauki, rana tana faɗuwa. A hanyar nan ne na ce a raina, ai wannan kilisa muka yi.

9/
Na san abin da za a ce: kilisa ta doki ce. Wani malamina ya riga ku faɗa, na ce Allah gafarta malam, jirgi ma ai na ruwa ne kafin ya hau dogo ya kuma tashi sama. Tuƙi na kwalekwale ne da tuwo kafin a kawo mota. Linzami na bakin doki ne, yau ga shi a jikin makami mai linzami, babu wanda ya ce a kawo dokin. Ya ce zai duba. Har yanzu yana dubawa.

10/
Me ya sa dawa, ba daji ba? Na ɗaya, sunayen dabbobin ma can suka karkata: raƙumin dawa, jakin dawa, mugun dawa. Na biyu, duk mun san abin da "shiga daji" ke kawowa a zuciyar mutumin Zamfara ko Katsina a 'yan shekarun nan. Ba na son kalmar shaƙatawa ta ɗauko wannan nauyin. Gaskiya ne a rubuce dawar jeji da dawar tuwo iri ɗaya ne, amma ban ga mai hankalin da zai ɗauka an hau mota an je kallon zangarniya ba.

11/
Ku ɗanɗana ta a baki: "Gobe akwai kilisar safe, a kwanta da wuri." "A kilisar yamma muka ga damisa a kan reshe." Inda ake fita da fitila bayan duhu, kilisar dare. In da ƙafa aka shiga tare da mai bindiga, wannan tattakin dawa ne.

Ba don masu zuwa Kenya da Tanzaniya kaɗai ba. Yankari ta jihar Bauchi tun 1962 take karɓar baƙi, ana ɗibar su a mota daga sansanin Wikki zuwa gefen kogin Gaji neman giwaye. A Nijar akwai Kure, kusa da Yamai, wurin raƙuman dawa. Ga Waza a Kamaru, Zakuma a Chadi, Mole a Ghana. 'Yan Bauchi, idan akwai abin da direbobin can ke cewa da Hausa, ku kawo shi, in ya fi nawa zan janye.

12/
Guda biyar ɗin nan da kowane baƙo ke ƙirgawa, zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda, ba su ba ni wahala ba: manyan dawa biyar. Mafarautan da ne suka ware su saboda haɗarin tunkararsu a ƙafa, ba don girman jiki ba, shi ya sa dorina ba ta ciki. Huɗu na gani, karkanda ta ƙi fitowa.

Wanda ya gagare ni shi ne wildebeest, dabbar nan da sama da miliyan guda ke ƙaura tsakanin gandun Serengeti na Tanzaniya da Masai Mara, suna tsallake kogin Mara daga wajen Yuli zuwa Oktoba, kadoji na jiran su. Ba kanki ba ne, ba gwanki ba ne, ba a kuma samun sa a dazukanmu. Gemu kamar na bunsuru, wutsiya ta doki, ƙaho ya ɗauko na ɓauna. Na tura wa Kawu hotonsa, ya ce wannan sauran kayan halitta ne aka harhaɗa. Masu Suwahili suna ce masa nyumbu, kuma da shi nake kiran sa kafin wani a cikinku ya kawo wanda ya fi.