Wace kwamfutar nutso zan saya, Zoop Novo ko Leonardo?

Salam 'yan uwa, don Allah wanda ya san harkar nutso da tulun iska ya taimaka min. Ni a Garwa nake, na yi kwas ɗin Open Water, matakin farko na koyon nutso, a Dahab can Masar, wato iyakata zurfin mita 18 kenan, yanzu ina son sayen kwamfutar hannu tawa, wadda ke nuna zurfi da lokacin nutso, don na gaji da ta haya.

Biyu ne suka tsaya min a rai, Suunto Zoop Novo da Cressi Leonardo. Leonardo ta fi sauƙin kuɗi amma maɓalli ɗaya gare ta, komai sai ka danna ka riƙe, Zoop kuma maɓalli huɗu amma ƙatuwa ce kamar murfin kwano a hannu. Dukansu suna aiki da naitros, wato iskar tulu da aka ƙara wa oksijin. Shearwater Peregrine kam ta yi kyau, sai dai kuɗinta a sefa ya fi ƙarfina.

Babbar damuwata batir ne. Zoop CR2450 take ci, Leonardo CR2430, anan kasuwa CR2032 kawai nake gani. In na canja da kaina ruwa ba zai shiga ba? Kuma in ta kwana wata shida a akwati cikin zafin Garwa, robar murfin ba za ta bushe ba? Wanda ya yi amfani da ɗaya ya faɗa min gaskiya, na gode.