Nova 1972 da ta shekara 14 a kulle: in tashe ta don tseren kwata mil ko in haƙura?

Auwal Houston: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani dattijon Bature maƙwabcina zai sayar min da Chevrolet Nova ƙirar 1972, silinda takwas, injin 350, giya otomatik TH350. Shekararta 14 a gareji ba a tashe ta ba. Dala 8,500 ya ce. Bodin da sauƙi, tsatsar a gindin ƙofofi ce kawai. In na biya, dala 6,000 za ta rage min na gyara. Ba gasar manya nake hari ba, daren Juma'a in je fili in yi sakan 13 da ɗoriya a kwata mil ya ishe ni. Kuma injinta na asali nake so in riƙe, ba na son canji. Da me zan fara, inji ko birki da ƙafar baya? Dubu shidan za ta kai?

Nura Dallas: Wa alaikumus salam. Cire 350 ɗin nan ka ajiye gefe. Je makabartar motoci ka ɗauko injin zamani, LS 5.3 na Silverado ko Tahoe. Dala 900 na ɗauki nawa. Kowa shi yake yi yanzu.

Ɗan Zango Bronx: 900 a wace shekarar? Ni 2,300 na biya, ban da kwamfutar injin da wayoyinta da famfon mai da sabon tanki. Kafin ya tashi na haura dubu biyar. Ku riƙa faɗin lissafin gaba ɗaya mana.

Kawu Sabon Titi: Dala 8,500 kan motar da ta girmi mai sayenta, don tafiyar mita 402 kacal? Auwalu ka turo rabin kuɗin, 504 ɗin babana na nan, har Maiduguri za ta kai ka ta dawo da kai.

Alhaji Bala Columbus: Ƙanena, saurari wanda ya sha wuya. Chevelle 1971 gare ni, ita ma 350. Na kai injin wurin wani mai haɗa injuna da kowa ke yabo, ba zan kama suna ba. Ya ce wata biyu, dala 4,000. Wata 14 injina ya yi a shagonsa. Yau ya ce bulok na wurin masu gora, gobe ya ce fistin bai iso ba, jibi a ce ya tafi jana'izar surukarsa. Da na je ɗauka takardar ta koma 7,200. Na biya, don injina na hannunsa, ya zan yi?

Abin da ya fi ci min rai shi ne bai gaya min komai kan tashin farko ba. Tsofaffin injunan nan kamshaf ɗinsu mai goga ƙarfe da ƙarfe ne, yana buƙatar baƙin mai mai sinadarin zinc da yawa, kuma na zamani an rage masa shi. Sannan in an sa sabo, dole a riƙe totur wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti har tsawon minti 20 zuwa 30, ba a barinsa a silo. Ni kuwa na zuba man kanti, na tashe shi, na bar shi yana gurnani a hankali ina ɗaukar bidiyo ina tura wa 'yan gida. Sati uku ya fara ƙyas-ƙyas. Da muka juye man, garin ƙarfe ne yake ƙyalli kamar kwalli. Kamshaf ya cinye, garin ya bi ya lalata biyarin. Na koma wurinsa, ya ce laifina ne. Shekara uku ke nan motar na ƙarƙashin tamfol, uwargida ta ɗora mata tukwanen fulawa.

Ɗan Zango Bronx: Alhaji Allah ya mayar da alheri. Amma 7,200 a kan 350 an yi muku yankan rago. Da wannan kuɗin sabo dal za ku saya a akwati, har da garanti.

Alhaji Bala Columbus: Garantin da ke mutuwa ranar da suka ji ka shiga filin tsere? Karanta ƙananan rubutun tukuna.

Malam Idi Bakanike: Auwal, kada ka kuskura ka murɗa makulli. Cire fulogi takwas ɗin, ɗiga mai a kowace silinda, bar shi kwana biyu, sannan ka juya injin da hannu. In ya juya, da sauran magana. Fetur ɗin da ke tanki ya zama fanish, a wanke tankin ko a canza. Duk tiyon roba a zubar, don fetur ɗin Amurka yana da ethanol kashi 10, yana cin tsohuwar roba da kayan cikin kafireto. Bayan haka birki kafin komai. Motar da za ta tsallake layi da gudun mil 100 a awa, tsayawarta ta fi tashinta muhimmanci.

Game da sakan 13: injin 1972 mafi ƙarfi a cikin 350 na Nova doki 200 ne, don tun 1971 aka rage musu matsi zuwa wajen 8.5. Yadda take ba za ta ba ka 13 ba. Kana buƙatar kamshaf, kawunan silinda masu numfashi, kwambata (abin da ke haɗa inji da giya otomatik) mai kamawa sai totur ya yi sama, da giyar baya kamar 3.73. Kuma Nova ba ta da cikakken shasi, rabi ne a gaba, sai an haɗe shi da na baya da ƙarfe, in ba haka ba bodin zai riƙa murɗewa. Dubu shida za ta kai in da hannunka za ka yi aikin. In biyan wani za ka yi, ba za ta kai ba.

Nura Dallas: Malam Idi da girmanku, kun taɓa tsayawa gaban fitilun fara tsere kuwa? Gyaran Camry daban, tsere daban.

Malam Idi Bakanike: Tun a Panteka ta Kaduna nake riƙe da sifana, lokacin ba ka san hanyar makaranta ba. Ban taɓa tsere ba, gaskiya ne. Amma motocin masu tseren nake kwashewa in sun tarwatse.

Maman Hanif: Ni dai tambayata ɗaya: maman yara ta san da zancen? Maigidana da "ɗan gyara kaɗan" ya fara. Amma tunda ni nake riƙe masa takardar lokaci, bari in faɗi abin da ba wanda ya faɗa. A irin tseren da Auwal ke nufi ba gudu ke ci ba. Kai za ka rubuta lokacinka a gilashi, wanda ya fi ka gudu a jinkirta masa koren fitila. Ka yi sauri fiye da abin da ka rubuta, ka faɗi. Ka tashi kafin kore, jar fitila, ka faɗi. Na ga mai sakan 15 ya kori mai sakan 11 gida. Kuma a dokar NHRA, hukumar tseren kwata mil ta Amurka, daga sakan 13.99 zuwa ƙasa sai da hular kwano, daga 11.49 sai da ƙarfen kariya a bayan kujera. In za ka sa tayar tsere marar zane, sai da zoben da ke tare furofela in ta karye.

Kawu Sabon Titi: Wato ka yi gudu ka faɗi, ka ƙi gudu ka faɗi. Wannan ai zaɓen ƙaramar hukuma ne.

Nura Dallas: Ni duk ba wannan ba. A ina ma zai yi tseren? Filin Baytown da ke kusa da shi, gasar NHRA ta ƙarshe a 2022 aka yi, daga baya aka rufe, wajen ya koma na rumbunan ajiyar kaya. Sai dai ya jawo ta zuwa wani filin, kamar Texas Motorplex a Ennis, tafiyar sama da awa uku. Ka sa kuɗin tirela a lissafi.

Ɗan Zango Bronx: Ku da sauƙi. Mu Englishtown a New Jersey muke zuwa, suka daina tseren a 2018, wajen ya zama ma'ajiyar motocin gwanjo. Na Atlanta ma ya tafi a 2021.

Alhaji Bala Columbus: Mutum ya tarar da fili shekara 40 a wurin, ya gina gida a jikinsa, sannan ya kai ƙara wai ƙara ta dame shi. A rufe fili, yara su koma kan titi da tsakar dare, a ce su ne marasa tarbiyya.

Auwal Houston: Na gode ƙwarai. To Malam Idi, birkin gaban in bar na ganga ko in mayar da shi na faifai? Dattijon ya ba ni zuwa Asabar.

Nura Dallas: Alhaji ai ba maƙwabta kaɗai ba ne. Kuɗin fili ne. Masu rumbuna na zuwa da tayin da mai filin tsere ba zai tara ba ko zai shekara 20 yana karɓar kuɗin ƙofa. Ku jira ku ga wanda za a rufe baɗi.