Warin fetur a cikin mota, ga kuma shan mai: ta ina za a fara dubawa?

Abban Hanifa, Hotoro

Assalamu alaikum. Corolla 2005 ce mai injin 1.8. Sati uku ke nan ana jin warin fetur a ciki, ya fi tsanani in an cika tanki. Da lita 20 kan yi mini wajen kilomita 200 a cikin gari, yanzu da ƙyar take yin 140. Fitilar gargaɗin inji tana kunne. An canza fulogi, babu sauyi, kuma ba na ganin ɗigar mai a ƙasa. Don Allah masana a taimaka.

Malam Sani Bakanike

Wa alaikumus salam, Alhaji. Rashin ganin ɗiga ba hujja ba ce, a zafin Kano fetur kan bushe kafin ya kai ƙasa. Kada ka ƙara kulle ta a gareji sai an gano inda yake fita.

Tunda warin ya fi yawa bayan cika tanki, a fara da saman tankin. A cire wayar batir ta baƙin kai, a ɗaga kujerar baya, a buɗe murfin da ke ƙarƙashinta, nan famfon mai yake. Akwai zoben roba tsakaninsa da bakin tanki. In an taɓa canza famfo aka mayar da tsohon zoben, ko ya zauna a karkace, mai zai riƙa tsattsafowa duk lokacin da tanki ya cika. Ƙura mai damshi a wurin ita ce shaida. Sabon zobe za a sa, ba gam ba, fetur yana cinye gam. A duba robar murfin tanki ita ma.

Sai wata ɗabi'a ta gidan mai: famfo ya tsaya da kansa, a ce a girgiza motar a ƙara. Rarar tana gangarawa cikin akwatin gawayin da ke kusa da tanki, wanda tururin mai kaɗai aka yi shi ya riƙe. In ya jiƙe da mai, wari ba zai tafi ba sai an canza shi.

Injiniya Bala, Zoo Road

Na yarda da Malam Sani a kan warin, amma tsattsafo a saman tanki ba zai sauko da mota daga kilomita 10 a lita zuwa 7 ba. Injin ne yake shan fiye da ƙima. Tunda fitila ta kama, a sa mata kwamfuta kafin a sayi komai. In ta nuna lambar P0172, tana nufin mai ya fi iska yawa. P0441 ko P0446 kuma ɓangaren akwatin gawayi ne da bawul ɗinsa. Bawul ɗin in ya maƙale a buɗe, tururi yana shiga inji ba lissafi.

Abin da na fi zargi shi ne zafin inji. Bayan tafiyar minti 15 ya kamata kwamfuta ta nuna digiri 85 zuwa 95. In tana nuna 60 ko 70, injin yana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ya ci gaba da ƙara mai.

Sannan a kwance na'urar auna iska da ke bayan matatar iska, sukurori biyu ne. Ƙurar hunturu tana manne wa siririyar wayar cikinta. A fesa maganin da aka yi dominta, a bar ta ta bushe, kada a taɓa wayar da yatsa ko tsumma.

In duk wannan lafiya, a auna ƙarfin mai: 44 zuwa 50 psi a sulo, kuma minti biyar bayan kashe inji kada ya gaza 21. In ya faɗi da sauri, ko injekta na ɗiga ko famfon ba ya riƙewa. A shinshina sandar awon baƙin mai. In tana warin fetur, a juye baƙin man bayan gyara, don ya tsinke.

Maman Walid

A tabbatar da lissafin ma. Cika tanki har famfo ya tsaya, mayar da awon tafiya sifiri, in ka sake cikawa a famfo ɗaya ka raba kilomita da lita. Man 'yan bumburutu ba a lissafi da shi. Iskar taya kuma a bi abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a auna da safe.

Abban Hanifa, Hotoro

Na gode ƙwarai. An duba, babu tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, kuma an haɗa fanka kai tsaye. An ce mini zafin garinmu ne ya sa ake cirewa.

Injiniya Bala, Zoo Road

Ranka ya daɗe, a mayar da shi. Tamostat ɗin injin nan yana fara buɗewa a digiri 82, daga nan ruwa na zagayawa lagireto yadda ya kamata, ko a watan Afrilu. Motar da ke ɗaukar zafi da shi a ciki, lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa ko fanka sun gaji. A nemo na asali a Ƙofar Ruwa tare da robarsa, a mayar da fanka kan wayarta, a fitar da iska daga ruwan. A goge lambobin, a yi tafiyar kwana uku, a sake sa kwamfuta. In P0172 ta dawo, sai a koma kan sansar salansa ta gaba, wadda ke auna iskar da ke cikin hayaƙi.