Muhawara: fitowar Daso a muguwa gyara ta yi ko ɓarna?

Ƙanwa (Tudun Wada): Jama'a, yau marigayiya Saratu Gidado, jarumar finafinan Hausa da aka fi sani da Daso, ce ta faɗo min a rai. Ranar 9 ga Afrilu 2024 ta rasu a Kano, jajibirin ƙaramar Sallah, ta yi sahur ta kwanta, ba ta tashi ba. Allah ya jiƙan Daso. Ni dai na tsaya a kan cewa muguntar da take fitowa da ita ta gyara gidaje fiye da nasihar masu fitowa a mutanen kirki. A hannun matar uba na tashi. Babanmu bai taɓa yarda ana hana ni abinci ba, sai wani dare muna kallo, Daso tana yi wa marainiya fara'a a gaban miji, yana ba da baya ta murtuke fuska. Ya juyo ya daɗe yana kallona. Washegari da hannunsa ya zuba min tuwo.

Yaya (Rigasa): Amin. Labarinki ya taɓa ni, ƙanwata, amma ban yarda ba. Gida ɗaya ya gyaru, nawa suka koyi makirci? Yara harararta da gatsinenta suke kwaikwaya, hukuncin da ke zuwa a ƙarshen fim kuwa lokacin sun yi barci.

Anti (Unguwar Rimi): Ni abin da ke damuna daban ne. An mai da kishiya da uwar miji dodo. Yarinya tun kafin a kai ta ɗaki ta ɗaura ɗamarar yaƙi da surukar da ba ta taɓa zama da ita ba. Amma wannan laifin marubuta ne, ita aiki aka ba ta, ta kuma iya.

Ƙanwa: Yaya, makirci ya girmi Kannywood. Matar ubana ko talabijin ba ta kallo.

Kawu (Kawo): Ku bari in sa baki. Mu da muka taso da Samanja a NTA Kaduna, wato Usman Baba Pategi, da Ƙasimu Yero, Allah ya jiƙansu, mun san wannan gardamar tun ba a haife ku ba. Samanja ihu yake yi da gurɓatacciyar Hausar barikin soja, muna dariya har da hawaye, kuma daga nan farar hula da yawa suka fara ganin soja mutum ne mai iyali da matsalolinsa. Daso ma haka, tana zuba mugunta kana dariya, sai daga baya ka ga ai fuskar wata ce a gidanku. Mai aikata abin ma tana gane kanta, ko ba ta faɗa ba.

Yaya: Kawu, Samanja ai ba azzalumi ba ne, mafaɗaci ne kawai. Ba ɗaya suke ba.

Kawu: Nan ka yi gaskiya, na karɓa.

Anti: Kuma a daina haɗa matar da rawar da ta taka. A 2016 Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa ta jakadiya. Fada ba ta ɗora wannan amanar a kan wadda ba a yarda da halinta ba.

Yaya: Halinta ban taɓa ba, Anti, Allah ya kai haske kabarinta. Tasirin nake tsoro, kuma har yanzu ina nan a kan bakana.

Ƙanwa: To Yaya, ni tun daga daren nan ban sake kwana da yunwa ba a gidanmu. Duk jajibirin Sallah sai na yi mata sadaka.