Mun tara fam 1,500: faifai za mu buga ko wasa za mu fita?

Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mu uku ne muke kiɗan punk, wato kiɗan jita mai sauri da hayaniya, a Manchester. Ni nake rubuta waƙoƙi, ina kaɗa jita ina rerawa, sai mai bes (jita mai kaurin sauti) da mai ganga. Waƙoƙinmu takwas, ba wadda ta kai minti uku. Ba mu da kamfani, ba mu da manaja, daga aljihunmu muka tara fam 1,500. Mai ganga ya dage mu buga faifan garmaho 500, ni kuma na fi son mu zaga garuruwa mu yi wasa. Ga kuma maganar wa ke da waƙa ta fara tasowa, don ni na rubuta amma tare muka gina kiɗan. Don Allah masu sani, me ya kamata ya zo farko?

Yaya Bala: Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙungiyar da ba a san ta a wajen garinsu ba, idan ta buga faifai 500, a kwali za su kwana. Faifan punk a teburin bakin ƙofa ake sayar da shi, bayan mutum ya ji ku da kunnensa. Ku fara ɗaukar sauti, ku fitar da kaset, ku yi wasa, faifai ya biyo baya.

Kada ku ɗauki takwas ɗin duka. Ku zaɓi huɗu, ku yi ta bitarsu har kowa ya iya kaɗa su ido rufe, don lokacin situdiyo da awa ake biya. Ku ukun ku kaɗa tare a ɗaki ɗaya, murya kaɗai za a sake daga baya. Idan aka ɗauki kowa shi kaɗai, zafin nan da ya sa ake kiransa punk yakan mutu. Kowace waƙa sau uku ta isa, daga nan hannun mai ganga zai fara sanyi.

Makirufo Shure SM57 ɗaya a gaban lasifikar jita, a ɗan kauce wa tsakiyarta: tsakiya tana da kaifi mai soke kunne, gefe can kuma sauti yakan dusashe. Biyun da za a rataya saman ganguna a auna su da igiya, nisansu daga ƙaramar ganga ya zama daidai. In ɗaya ya fi kusa, sautin zai isa gare su ba lokaci ɗaya ba, su cinye juna, gangar ta fito siririya. A saita kwamfutar ɗauka a 24-bit, ƙololuwar sauti a ma'auninta ta tsaya wajen -10 dB. Ƙazantar jita daga amfilifaya ake so ta fito. Wadda ta fito daga cika ma'aunin kwamfuta ba ta gyaruwa. Tsirkiyar jita a canza ta kwana biyu kafin ranar, don sabuwa fil tana saki.

Kaset 50 zuwa 100 sun wadatar. Ku sa lambar sauke waƙoƙin a ciki, saboda da yawa masu saye ba su da abin kunna shi. Ɗauka da kaset kada su ci fiye da rabin kuɗinku.

Anti Rabi: Sadiƙ, maganar wa ke da waƙa ita ce ta farko. Ku zauna ku rubuta rabon tun babu ko kwabo a tsakani. Haƙƙi biyu ne, mutane na cakuɗa su. Akwai na waƙar kanta, wato baitoci da karin, akwai kuma na sautin da aka ɗauka. A Birtaniya PRS for Music ke karɓar wa marubuta kuɗin na farko, PPL kuma na masu kaɗawa da mai mallakar sautin. PPL ɗin ce ke ba da lambar ISRC, wato lambar shaidar sautin da aka ɗauka, da kowace waƙa ke buƙata, kyauta.

Takarda ɗaya ga kowace waƙa: sunanta, sunayenku na gaskiya, kason kowa, jimilla 100, kowa ya sa hannu da kwanan wata. Wasu kan raba daidai don zaman lafiya, wasu kan ba mai baiti rabi a raba sauran. A ganina, tunda tare kuka gina kiɗan, ka riƙe kason baitoci, na kari ku raba uku. Sautin da kuka biya tare kuwa na ku ukun ne daidai. Ku ƙara da wa ke da sunan ƙungiya, da abin da wanda ya fita zai ci gaba da samu. Ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar punk ta Amurka Dead Kennedys, da duk aƙidarsu ta ƙin 'yan kasuwar waƙa, sai da sauran 'yan ƙungiyar suka maka mawaƙinsu Jello Biafra a kotu a 1998 kan kuɗin waƙoƙi, aka yanke hukunci a 2000 ya faɗi.

In kun shiga PRS, duk wasan da kuka yi ku tura jerin waƙoƙin da kuka rera, ko a ƙaramin wuri ne, ana biya. Kada ku dogara da Spotify: tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba a biyan komai a kanta. Bandcamp, shafin da makaɗa ke sayar da waƙoƙinsu da kansu, na cire kashi 15 a waƙar saukewa, kashi 10 a kaya irin su kaset da riga.

Mustafa: Yaya Bala, da girmamawa, ban yarda a ture faifai gaba ɗaya ba. A garin su Sadiƙ ɗin nan ƙungiyar Buzzcocks suka ranci kimanin fam 500 wurin dangi da abokai, suka buga faifansu Spiral Scratch kwafi 1,000 da kansu a Janairun 1977, ya kuma ƙare. Sai dai su sun riga sun yi suna a wasa kafin nan, a nan na bi bayanka.

Idan lokaci ya yi, ƙaramin faifai mai inci 7 za ku yi, kuma ku haɗa da wata ƙungiya daga wani gari, kowa gefe ɗaya. Kuɗi ya rabu biyu, masu saye sun zama na gari biyu. A gudun juyi 45 a minti, gefe ɗaya yana ɗaukar kusan minti huɗu da rabi. A 33 zai kai shida ko bakwai amma ƙara za ta ragu. Waƙa mafi hayaniya ta zo farko, don layukan ciki kusa da tsakiya sun fi murɗe sauti. Mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe, na faifai daban yake da na intanet: dole sauti mai kauri ya zauna a tsakiya, in ya bazu hagu da dama allura za ta yi tsalle. Kwafin gwaji da masana'anta za ta turo ku saurare shi a garmaho biyu daban, don da zarar kun amince, duk aibin da ya fito naku ne. Mafi yawan kuɗin a sassaƙa uwar faifai da farantin bugawa yake tafiya, shi ya sa bambancin 300 da 500 ke zama kaɗan, mutane su ruɗu su ɗauki 500. Ku tsaya a 300, kuma ku sa ran jiran watanni.

Malam Garba: Batun fita: ba sai kun yi mako biyu a hanya ba. Juma'a zuwa Lahadi, Leeds, Sheffield, Liverpool, duk kusa ne. Musaya ake yi, ku shirya wa ƙungiyar can wasa a garinku, su shirya muku a nasu. Kafin ku tashi a rubuto muku lokacin shigar da kaya, tsawon wasanku, wa zai kawo ganguna da akwatin lasifika, da yadda za a raba kuɗin ƙofa. Duk wanda ya ce ku sayi tikiti ku sayar kafin ku hau dandamali, ku rabu da shi. Minti 20 zuwa 25 ya isa, ba dogon surutu tsakanin waƙoƙi.

Mai ganga ya zo da ƙaramar gangarsa, farantan ƙarfensa da fedarsa, waɗannan ba a aro. In za ka jona amfilifayarka a akwatin wani, duba lambar om (ohm) da ke jikin kowanne ta zo ɗaya, 8 da 8, 16 da 16, kuma amfilifaya mai kwalabe (valve) ba a kunna ta sai lasifika na jone, in ba haka ba tiransifomarta ke ƙonewa. Abin toshe kunne wajibi ne, ƙarar 100 dB minti 15 kawai kunne ke jurewa a rana.

Wasu wurare da tikitin giya suke sallamar makaɗa. Ku ce tun farko abinci ko kuɗin mai kuke so, ba wanda zai yi mamaki, don masu ƙin sha suna da tarihi a punk tun zamanin ƙungiyar Minor Threat a Washington a 1981.

Sadiƙ: Allah Ya saka da alheri. Takardar rabo za mu fara yi. Abu ɗaya: mai bes ɗinmu da bizar karatu yake zaune. Akwai matsala?

Anti Rabi: Akwai, kuma babba. Bizar ɗalibi a Birtaniya ta hana sana'ar kai, ta kuma hana aiki a matsayin mai nishaɗantarwa. Karɓar kaso daga kuɗin ƙofa ko na kaset na iya faɗawa ciki, saɓa sharaɗin kuwa na iya jawo soke bizar. Ya je ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje a jami'arsu, ya bayyana musu komai, ya karɓi amsa a rubuce kafin ku karɓi wasa ko ɗaya mai kuɗi.