Neman shawara: An canja kwamfireso, amma iska ta ƙi cika a tirelata

Direban tirela, Dawanau:
Assalamu alaikum iyayen gidana, makanikai da direbobi. Don Allah ina neman shawara. Tirela nake ja, ƙirar Turai, ta kwana biyu amma injinta lafiya lau. Hatsi nake ɗauka daga Dawanau zuwa Legas. Kwanan nan iskar birki ta fara yi min gardama. In na tayar da safe sai allurar geji ta yi ta rarrafe, ta kai wajen bar 6 (ma'aunin ƙarfin iska) ta toge, sai na ba ta wuta sosai take ɗan motsawa. Atishawar nan da diraya, wato mai busar da danshin iska, take yi in tanki ya cika ma na daina jin ta. Makanikena ya ce kwamfireso ne, wato famfon da yake tura iska tanki, muka sayo ɗan Beljiyam muka ɗaura, ta ɗan yi dama-dama, yanzu ta koma gidan jiya. In yaron mota ya ja zoben ƙasan tanki, ruwa ne yake fitowa haɗe da baƙin mai. Maigida ya fara yi min kallon wanda ya ci kuɗin gyara, ga lodi yana jira. Ina zan dosa?

Makanike, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a sake kwance ko noti ɗaya, ka fara gano ɗayan biyu: iskar ce ba ta zuwa, ko tana zuwa tana zurarewa? Wannan ba ya cin ko sisi. Ka sa wa tayoyi waigi, ka tara iskar iya inda ta tsaya, ka kashe inji, ka saki hambirki, ka zuba wa allura ido na minti ɗaya. Kai da bodi a haɗe, bai kamata ta sauka fiye da psi 3 a ma'aunin Amurka ba, wato kusan bar 0.2. Sannan ka taka birki ka riƙe. Bayan faɗuwar farko, kada ta wuce psi 4 a minti. In ta wuce, yoyo gare ka. Ka kaɗa ruwan omo a roba ka bi mahaɗar kowane tiyo, da bawul, da tukwanen birki, inda ya yi kumfa nan ɓarawon yake. Ka kuma cire igiyoyin iskar bodi, ja da rawaya, ka gwada kan shi kaɗai. In ya cika da wuri, to matsalar tana bodi, ka bar kwamfireso ya huta.

Amma yadda ka ba da labarin nan, zuciyata ta fi tafiya wuri biyu. Na farko gindin diraya. Mota tana silo, ka kai hannu ƙasanta. In kana jin iska tana fita ba ƙaƙƙautawa, bawul ɗin da yake sakin iska ya maƙale a buɗe, ko datti ya hana shi zama. Kwamfireso yana ta aiki, rabin abin da ya tura yana bin ƙasa. Na biyu shi ne bututun ƙarfen da ya taso daga kan kwamfireso zuwa diraya. Tsohon kwamfiresonka yana jefa mai, shaida ga shi nan a tankinka. Iskar da take bin bututun nan zafi gare ta sosai, sai man ya ƙone ya daskare a ciki, hanya ta yi ta tsukewa. Ka ɗaura sabo a kan toshasshen bututu, zai yi zafi, bawul ɗin kansa su ƙone, shi ma ya bi sahun na farko. Mun sha gani a garejinmu.

Wani ɗan'uwa, Unguwa Uku:
Oga ka sa a ɗan ƙara ɗaure sukurun gwamna kawai, wato abin da yake saita iska, za ta hau. Ni haka na yi wa tawa.

Tsohon direban tanka, Hotoro:
A'a ɗana, kada ka ba shi wannan. Sukurun nan iyakar inda iska za ta tsaya yake saitawa, ba ya ƙara wa kwamfireso ƙarfi. Motar da ta kasa wuce 6, ko ka ɗaure shi har ƙarshe ba za ta wuce ba. Ranar da aka gyara ainihin ciwon kuma sai iska ta zarce ƙa'ida, tiyo ya fara fashewa. Kowace mota da nata: irin su Mack na Amurka suna yankewa wajen psi 120 zuwa 135, na Turai kuwa tsofaffi wajen bar 8, sababbi har 10 zuwa 12. A duba na motarka a bi shi.

Kai kuma mai tambaya, ka ji tsoron Allah kada ka ɗau lodi a haka. Bar 6 a tsaye ne. Ka hau titi da buhuna cike da bodi, ka taka birki sau uku huɗu a cunkoson Na'ibawa, ina iskar take? In ta faɗi ƙasa sosai sifirin ɗin tukwanen baya zai kama da kansa, mota ta ƙame a tsakiyar titi, na bayanka kuma bai san da zancen ba. Maigida ya yi fushin kwana ɗaya ya fi.

Mai gyaran birki, Dakata:
Ina goyon bayan Oga na Ƙofar Ruwa, sai dai akwai abin da bai taɓo ba. Me ya kashe kwamfireson farko? A Kano, musamman lokacin hunturu, ƙura ce. Ka duba filtar iska da tiyon da kwamfireso yake shaƙa ta ciki. In tiyon ya tsage, ƙura tana shiga kai tsaye tana cin ring. In filta ta toshe, sai ya riƙa zuƙo mai daga ƙasa. Ko wanne ne, mai zai biyo iska.

Gwangwanin diraya kuma, tunda mai ya shige shi, ya gama aiki. Ƙwayoyin da ke ciki danshi suke tsotsa, in mai ya lulluɓe su shi ke nan, shi ya sa kake ganin ruwa a tanki. Ba a wanke shi, canjawa ake yi, kuma ko lafiya ƙalau bai kamata ya wuce shekara ba a irin hanyoyinmu. Ka leƙa lagireto ma mota tana aiki. In ruwa yana tasowa da kumfa, mai yiwuwa gasket ɗin kan kwamfireso ya ƙone. Kuma don Allah a sauke iskar tankuna kaf kafin a sa sifana.

Direban tirela, Dawanau:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Mun yi gwajin omo, yoyo kaɗan ne a igiyar ja, mun canja roba. Gindin diraya kuwa huci yake ta yi kamar yadda Oga ya faɗa. Da muka kwance bututun, ramin da ya rage a ciki bai fi bakin biro ba, sauran duk gawayi ne. Yanzu makanike ya ce a ƙona shi da wuta a kakkaɓe a mayar, ko a sa tiyon roba. Wanne ya fi?

Makanike, Ƙofar Ruwa:
Ko ɗaya. Roba ba ta jure zafin wurin, narkewa za ta yi. Ƙonawa kuma ba ta fitar da shi duka, ɓarɓashin da ya rage shi zai je ya sake maƙale maka bawul. Ka sayi bututun ƙarfe mai faɗi da tsawo irin na asali, kada a gajarta shi, tsawon nan ne yake sanyaya iska kafin ta isa diraya. A canja gwangwani da kayan bawul ɗin gindin a lokaci guda. In an gama ka riƙe totur ka ga ko ta kai ta yi atishawa. In har yanzu tana jan ƙafa, a buɗe kan kwamfireson da kuka ɗaura a duba bawul ɗinsa, wataƙila zafi ya riga ya taɓa su.