Lambun makaranta da hutun bazara: yaya kuka yi shukokinku suka rayu?

Malamar aji huɗu, daga ƙasar Daura:

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwa. A watan Yulin bara, bayan ruwa ya zauna, ni da ɗalibaina muka dasa zogale da darbejiya da mangwaro a bayan ajujuwa, kowane yaro da shukarsa, kuma sun wuce damina da kaka da sanyi lafiya lau. Hutun watan Afrilu ne ya yi mana ɓarna, domin da muka dawo mun tarar mangwaron ya bushe ƙurmus, awaki kuma sun cinye zogalen har ƙasa. Wata yarinya ta tsuguna a gaban kututturen nata tana shafa shi, ta ɗago ta ce, "Malama, zai sake tofowa?" Har yanzu tambayar tana damuna. Ina roƙon duk wanda ya taɓa ƙetare wannan hutu da shukokinsa a raye ya faɗa mana yadda ya yi.

Hedimasta mai ritaya, daga Gumel:

Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya saka miki da alheri. Ki gaya wa yarinyar cewa zogale yana tofowa muddin saiwarsa ba ta mutu ba, sai dai a dinga ba shi ruwa. Kuskuren da na yi shekaru ina maimaitawa shi ne jinkirta shinge, saboda da damina dabbobin gari a ɗaure suke don kada su shiga gonaki, sai mutum ya ɗauka shukarsa ta tsira, alhali da zarar an kawar da amfanin gona za a sake su, kuma da bazara babu wani kore a gari in ba na makaranta ba. Na gwada darnin kara, gara ta cinye shi kafin shekara ta zagayo. Abin da ya riƙe mana shi ne tubalin ƙasa da manyan yara suka buga, muka kewaye kowace shuka da shi har tsayin ƙugu, muka bar 'yan ƙofofi don iska, sannan muka rufa ƙayar bagaruwa a sama. Na kuma je wurin mai unguwa da kaina, ya sa aka yi shela bayan sallar Juma'a.

Malamar kimiyya, daga Haɗeja:

Baba Hedimasta ya gama magana a kan awaki, ni kuma zan yi a kan ruwa, domin shi ne ya fi wahalar da mu. Mun sayi tuluna a wurin masu ginin tukwane, muka binne kowanne har wuya a gefen shuka, tazarar kamar taƙi ɗaya, muka cika shi da ruwa muka rufe bakinsa da fashasshen kasko. Tulu yana tsattsafo da ruwa a hankali ta jikinsa, ƙasar da ke kewaye da shi ta zauna da damshi, rana kuma ba ta shanye ruwan kamar yadda take yi idan an kwara shi a sama. Cikawa sau biyu a mako ta ishe mu, don haka yaran da gidajensu ke kusa suka raba kwanakin hutun a tsakaninsu, iyayensu kuma sun sani. Ranar da muka tona gefen wani tulu, yaran suka ga ƙananan saiwoyi farare sun manne a jikinsa kamar zare, kuma ban taɓa koyar da darasin saiwa a allo ya shiga kansu kamar na wannan rana ba.

Malamin firamare, daga jihar Maraɗi:

Gaisuwa gare ku daga Nijar. A wurinmu ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ita ce kuma ranar dashen itace tun 1975, amma tana faɗowa ne cikin babban hutu, sai a Oktoba yara ke komawa lakwal, saboda haka sau da yawa manya ke dasawa, yaran su zo su tarar da abin da ba su san farkonsa ba. Wannan ya sa na koma ga abin da iyayensu ke yi a gonaki, wato sassaben zamani, wanda ya bazu daga nan Maraɗi tun wajen 1983: maimakon a sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. A filin makarantarmu mun sami tohon gawo da sabara da kalgo waɗanda kowa ke takawa. Saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba su buƙaci ban-ruwa ko sau ɗaya ba. Gawon ya zame mana abin koyarwa, tunda shi kaɗai ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, yaran kuma da kansu suka gano dalilin da ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa.

Malama, daga cikin birnin Kano:

Mu ba mu da fili, a buhunan siminti muke shuka alayyahu da yakuwa, irin kuma muna rainonsa a ledojin ruwa da yara ke tsintowa a harabar makaranta. Idan hutu ya zo, kowa ya ɗauki buhunsa ya tafi da shi gida. Roƙona ɗaya ne ga malamai: don Allah a daina tura yaron da ya makara ko ya yi laifi ya je ya yi noma a lambu. A wata makaranta da na koyar an mayar da fartanya bulala, kuma na ga yadda yaran suka tsani wurin.

Malamar aji huɗu, daga ƙasar Daura:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara muku basira. Baba Hedimasta, maganarka ta tabbata, domin kwana tara muna ba kututturen ruwa, jiya kuma na yarinyar ya fito da toho biyu. Mun yi magana da wata mai ginin tukwane a kan tuluna goma, gobe kuma 'yan aji shida za su zagaya filin ƙwallo da ni mu nemi tohon da muke takawa.